Lambar Kawu Ba Laya Ba Ce

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, babu mai ja da wannan. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin lissafi na firamare, ya rasu a gidansa da ke Batsari bayan an gama yankan gero. Allah ya jiƙansa. Na fara da wannan ne don kada wanda ya karanta abin da ke ƙasa ya ce ba na ƙaunarsa. Ina ƙaunarsa. Haushi ne dai ya cika mani ciki, kuma ba nasa kaɗai ba.

Ranar zaman makoki ina bakin zaure ina amsa gaisuwa, ina kallon ikon Allah. Wani mai awon hatsi, wanda shekara da shekaru in Kawu ya gifta sai ya taɓa gefen kansa da yatsa ya ƙyafta wa 'yan kasuwa ido, shi ne ya fi kowa kuka. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ashe da bawan Allah muke zaune ba mu sani ba! Waliyyi ya tahi, malam, waliyyi ya tahi."

Wani ya taso tun daga Karare a kan babur, bai ko gama yi mana ya haƙuri ba ya tambaya wai da gaske ne an ga haske a kabarin. Na ce masa an gani, da rana tsaka aka binne shi. Wata tsohuwa ta kutsa cikin maza, ta shafa bangon zauren, ta shafe fuskarta, ta fita da baƙin gawayi har goshi. Samari kuwa sun yi layi da wayoyinsu suna ɗaukar hoton bango kamar an kawo amarya.

Abin da ke jikin bangon nan lissafi ne. Rabawa ce irin ta aji huɗu, an ja layi an yi gida-gida, lambobi na saukowa ƙasa. Amma mutanenmu da sun ga lambobi cikin gidaje, a zauren mutumin da ya fito daga gidan malamai, to hatimi ne, an gama magana. Yanzu ana kwafe shi a takarda, ana kai wa baduku ya ɗinke a fata, wai maganin bindiga. Da a nan abin ya tsaya da na yi dariya na koma bakin aikina. To babban ɗana, ɗan farina da ko sunansa ba na iya kamawa, yana cikin 'yan sa-kai masu fita tsaron gari, kuma kafin sadakar bakwai na ga layar ɗaure a damtsensa. Mutumin da ya yarda harsashi ba ya huda shi tsaye yake yi a gaban bindiga. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare, ni da sana'ata facin taya. A san wane ne Kawu, kuma a san mece ce lambar nan.

A wani ƙauye kusa da Zakka aka haife shi. Kakanmu malamin allo ne, shi ake kira in za a raba gado, kuma a gindinsa Kawu ya fara sanin sulusi da sumuni tun bai san harafin boko ba. Daga baya aka kama shi aka sa makaranta, ya yi kwalejin horon malamai, ya dawo ya koyar a ƙauyukan Safana da Batsari har ya yi ritaya. Siriri ne kamar karan dawa, ga babbar riga da mutum uku za su shiga. Ba ya cin goro, ba ya zaman majalisa, ba ya sauraron ƙwallo. In ka ce masa "wajen mutum ɗari suka zo ɗaurin auren," sai ya tsare ka da ido ya ce, "Ka ƙirga?" In ka ce gobe za a yi ruwa, ya ce, "Da me ka gwada?" Hira da shi wahala ce, wallahi. Gaisuwa kaɗai yake bari ta wuce ba bincike.

Shi ya koya mani lissafi a aji huɗu, da tsumagiya da gyaɗa. Zai zube gyaɗa a tebur ya ce, "Kai yaro, ɗebi sha biyu, jera mani su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwanshi." Sha biyu ba ta da gardama: bibbiyu ta yi, uku-uku ta yi, hurhuɗu ta yi, shida-shida ta yi. Sai ya ƙara ƙwaya ɗaya. Sha uku, duk yadda ka juya ta sai wani abu ya yi saura yana kallonka. Daga nan fuskarsa za ta washe kamar an yi masa albishir.

"Ka gan ta? Kangararra ke nan. Ba ta rabuwa sai da ɗaya, sai kuma da kanta. Turawa na ce masu firam. Ni kangararru nike ce masu."

Ya san danginsu yadda tsohuwar unguwa ta san wa ya haifi wa. Akwai tagwaye, waɗanda lamba ɗaya tak ce a tsakaninsu, kamar sha ɗaya da sha uku, ko sha bakwai da sha tara. Akwai gwauraye marasa abokin tagwaitaka, kamar ashirin da uku, wadda ashirin da ɗaya da ashirin da biyar duk suna rabuwa suka bar ta ita kaɗai. Akwai masu fuska biyu, irin 131, ta dama ka karanta ko ta hagu duk ɗaya. Sai kuma gidan da ya fi so, yana ce masu gidan ninki. Ka ɗauki ɗaya ka yi ta ninkawa, biyu, huɗu, takwas, inda ka tsaya ka cire ɗaya. Ninki biyu ya ba ka uku, ninki uku ya ba ka bakwai, ninki biyar talatin da ɗaya, ninki bakwai ɗari da ashirin da bakwai. Duk kangararru.

Na tuna ranar da na ɗauka na gane abin, na ɗaga hannu na ce to ninki sha ɗaya ma kangararra zai bayar, tunda sha ɗaya kangararra ce. Ya sa na fito na yi a allo, aka samu 2047. Ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Ya ce in raba ta da ashirin da uku. Ta rabu tsaf, tamanin da tara, ko saura babu. Bulala uku ya yi mani, ba don na yi kuskure ba, wai don na ce na tabbata.

"Munahuka ce wannan. 'Yar gidan mutunci ce, ga kama ga komai, amma ka taɓa ta ta watse. Asali ba hujja ba ne, sai an gwada."

Lambar da ta cinye masa rabin rayuwa ita ce ta ninki talatin da ɗaya: 2,147,483,647. Biliyan biyu da 'yan kai. Babba yake ce mata, kamar wata yayarsa. A wani tsohon littafi ya gan ta tun yana kwaleji, an rubuta cewa kangararra ce, an tabbatar tun zamanin da. Wani sai ya ce to madalla, ya rufe littafi ya je ya ci tuwo. Ban da Kawu. Tunda 2047 ta taɓa yaudarar mutane, shi sai ya gwada da hannunsa.

In ka kuskura ka zauna kusa da shi sai ka ji tarihinta. Wai 'yar gidan ninki ce ta uwa ta uba, domin ita kanta talatin da ɗayan da ta haife ta 'yar gidan ce. Wai gwauruwa ce, ba ta da tagwai: ka ƙara mata biyu uku ta raba, ka rage mata biyu biyar ta raba. Wai in ka raba ta da huɗu uku ke saura, saboda haka ba ta shiga wani layi da ya sha yi mani bayani ban taɓa riƙewa ba. Wai ba sai ka gwada duk lambobin duniya a kanta ba, ka tsaya a dubu arba'in da shida da 'yan kai, domin in akwai mai raba ta a sama da nan to abokiyar rabonta na ƙasa, da tuni ka gamu da ita. A cikin waɗannan ma ba kowace ba, sai kangararrun da in an raba su da sittin da biyu ɗaya ke saura. Na ce masa me ya sa sittin da biyu? Ya fara bayani bayan la'asar, aka kira magariba yana ciki. Ban sake tambaya ba.

Takarda tsada, in ji shi, bango kuwa kyauta. Sai ya ɗauki gawayi ya rubuta Babba a sama, ya ja gida, ya sa mai rabawa a gefe, ya yi ta saukowa har ƙasa. In saura ya fito ya ce, "Ta ƙi," cikin jin daɗi, ya koma ta gaba. In bango ya cika ya shafe da farar ƙasa ya sake. In yana tafiya a hanya kuma da ka yake yi, bakinsa na motsi, yana jan carbi don kada ya manta inda ya tsaya. Wanda ya gan shi sai ya ɗauka wuridi ne. Bayan shekarun da ban san adadinsu ba, wata safiya ya leƙo inda nake faci ya ce, "Kai yaro, na gama. Ba ta rabu ba." Na ce to alhamdu lillahi, yanzu sai a huta. Sati bai zagayo ba na ga ya shafe bango ya koma farko. Wai ta yiwu ya yi kuskure a wani wuri, mutum ɗaya ba ya zama shaidar kansa sai ya maimaita. A cikin maimaicin ya rasu.

Ina da abin da nake riƙe da shi a kansa, kuma ba zan ɓoye don ya mutu ba. Lokacin da na bar makaranta, ana ɗaukar masinjoji a wani ofis a Katsina, kuma tsohon ɗalibinsa ne ke da ta cewa. Mahaifiyata ta je ta durƙusa gaban yayanta, ta ce Yaya, kalma ɗaya za ka faɗa. Ya ce, "In ya tambaye ni ya yaron yake, in ce mashi me? Bakwai sau takwas har yau sai ya kalli sama." Masinja, jama'a! Ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan! Wanda aka ɗauka a madadina ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, yau ya yi ritaya yana da gida mai bene. Ni ina nan ina shaƙar hayaƙin roba. Na shekara biyu ban taka gidansa ba, shi kuma bai taɓa aikowa ya ce ina nake ba. Da na koma gaishe shi da salla, bayan ya amsa, abin da ya fara ce mani shi ne, "Bakwai sau takwas?"

Amma shekarar da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauye, muka shigo Batsari da yara da tabarmi a ka, ba mu san inda za mu dosa ba, shi ya tare mu a bakin tasha. Wa ya gaya masa, oho. Bai ce sannu ba, bai ce Allah ya kyauta ba. Ya ɗauki ƙullin kayan matata ya wuce gaba. Ya kwashe nasa daga ɗakinsa ya ba mu, ya koma zaure, ya yi damina guda a can ruwa na ɗiga masa ta azara. Shi ya nuna mani gindin bishiyar bedin ƙofar gida ya ce in kafa injin facina a nan. Rumbunsa muka ci har kaka. Ko sau ɗaya bai taɓa tada maganar ba, kuma da na zo yi masa godiya ya ce in matsa ina tare masa haske.

Ɗan nan nawa, jikansa ne, abokin wasansa, shi kaɗai ke iya taɓa shi. Lokacin da ya fara riƙe babbar waya ya shigo zaure yana dariya.

"Tsoho, ajiye gawayin nan ka huta. Na tambayi wayata, ta ce Babbarka ba ta rabuwa, ko ƙiftawar ido ba ta ɗauka ba. Kuma ta ce an gano waɗanda suka fi ta, in za a rubuta guda ɗaya bangon unguwar nan duka ba ya isa."

"Ja'iri, mai kan ƙwarya. Wa ya duba aikin wayar?"

"Wa ya duba naka?"

Kawu ya ɗauki sanda, yaro ya fice yana ƙyaƙyatawa. Amma ranar Kawu bai ci tuwo ba. Washegari ya zo gindin bedi ya tsaya a kaina ya ce a hankali, "Da gaske akwai masu tsawon nan?" Na ce ni ina na sani. Shi da bakinsa ya koya mana cewa kangararru ba su da ƙarshe, duk nisan da ka yi akwai wata a gaba. Ba wannan ya dame shi ba. Ya kalli hannunsa ya ce, "To waɗannan wa zai gwada su?" Ya koma ciki. Ranar ce kaɗai na ji tausayinsa ya fi haushinsa.

Ga inda bala'in ya samo asali. Wata ranar kasuwa yana dawowa daga ganin dangi a wajen Zakka, motarsu ta lalace kusa da wani rafi, fasinjoji suka sauka suna takawa. Sai ga 'yan bindiga a kan babura, da hantsi, suna harbi. Kowa ya watse cikin dawa. Waɗanda suka laɓe suka ga Kawu a tsakiyar hanya yana tafiyarsa, ba sauri ba waiwaye, baki na motsi, carbi a hannu. Aka yi harbi ta inda yake. Allah ya sa hankalinsu na kan wasu shanu, suka kora suka wuce. Da aka fito aka duba, ga huda biyu a babbar rigarsa, ta nan ta shiga ta can ta fita, jikinsa ko ƙwarzane babu.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Da aka watse na tambaye shi, "Kawu, me ya hana ka gudu?"

"Gudun me?"

"Harbin!"

"Ai ban ji ba. Kunnen nan ya daɗe da mutuwa, ɗayan kuma rawani ya toshe. Ina tsakiyar rabawa ne, na ɗaga kai na ga ba kowa, na ce mutanen nan ba su da kirki, sun tahi sun bar tsoho. Da na ji, wallahi da na riga direba shiga dawa."

Na sha faɗin wannan a gari, ba mai son ji. Tun yana raye aka fara zuwa neman laƙani. Wani ya zo da zakara, ya kore shi da sanda har bakin titi. Wani ya nace, ya ce a ba shi abin da ke bango ko da wane sharaɗi ne. Kawu ya ce sharaɗin ya zauna ya raba Babba da ɗari uku da sha ɗaya. Mutumin ya yi gumi har azahar ya gudu. Aka ce ka ji, manya ba sa bayar da sirri da arha. Duk korar da ya yi ƙara masa daraja ta yi. Yanzu ya mutu, babu mai sanda.

Wanda ke buɗe zauren yanzu babban ɗansa ne, taubashina. Ba kuɗi yake karɓa ba, kada in yi masa ƙarya. Shimfiɗa yake yi wa baƙi, ya nuna masu bango, ya fito da rigar ya ɗaga hudar a rana. Bayan sadakar bakwai na same shi shi kaɗai.

"Kai bawana, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Ɗan mace, yaushe bawa ya fara tuhumar ubangidanshi? Zauna in sa a kawo maka ƙanzo."

"Ba wasa na zo ba. Dubi abin da suke kwafa. Ga Babba a sama, ga ɗari uku da sha ɗaya a gefe, ga talatin da biyar a ƙasa. Saura ne. Ni da ba na iya bakwai sau takwas na san wannan. Sauran rabawa ɗana ya ɗaura a hannu yana shiga daji."

Ya daina murmushi. Ya ce, "Tun ina yaro ake ce mani ɗan mahaukaci. A makaranta, a kasuwa, har gidan surukaina. Yau takalmi ake cirewa kafin a shiga zauren ubana. Kai kake so in fita in ce masu ku yi haƙuri, dā can ku ke da gaskiya?"

"Ba mahaukaci ba ne, ba waliyyi ba ne. Malamin lissafi ne."

"To wa zai cire takalmi don malamin lissafi?"

Na miƙe. Na shiga ciki wajen matar Kawu tana takaba, na ce Iya, ke ki yi magana, ke kika zauna da shi. Ta ce, "Ni me zan ce? Ni dai na san gawayina yake sata. Rigar nan kuwa ni na sha wanke ta, ko jaki ka harba ta cikinta sai ka yi sa'a za ka same shi. Amma wa ke jin tsohuwa?" Na je wajen liman, ya yi huɗuba mai kyau ranar Juma'a, ya ce tsari na Allah ne. Aka fito ana cewa kishi ne irin na malamai.

Sai na tari ɗan nawa da kaina, da safe yana goge bindigarsa ƙirar gida.

"Kai, ba kai ne ka ce wayarka ta san lambar nan ba? Yau ita ce a damtsenka?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, lokacin yarinta ce. Na ga rigar da idona."

"Ka ga mai rigar kuwa? Iska ma sai ta neme shi."

"Baba, ka yi haƙuri. Mu bakwai muka ɗaura. Abokina da aka kashe bara ba shi da komai a jikinshi. In na fita ba komai, ƙafata rawa take yi. Da wannan kuwa ni ke shiga gaba."

Ni ke shiga gaba. Wannan maganar ta hana ni cin abinci. Ba zan iya hana shi fita ba, gari na buƙatarsu, kuma ba yaro ba ne, yana da mata da goyo. Bayani kuwa na yi har na gaji, ni ba malami ba. Sai na ce masa to, ai ko masu ba da maganin bindiga na gaske sukan yarda a gwada a jikin dabba kafin mutum ya ɗaura. Ina da bunsuru. Ya ɗaura masa layar ya harba. In ya tashi, ni ma a ɗinka mani tawa, kuma in je in cire takalmi a zaure gaban kowa.

Ya yarda da sauri, har da murna. Magana ta bazu. Ranar da aka sa, da hantsi, muka fita bayan gari wata gona da aka girbe, mutane sun fi na wani ɗaurin auren. Aka ɗaure bunsuru a kututture, ɗana ya kwance layar daga damtsensa ya ɗaura masa a wuya da bisimilla. Ni kuwa na tsuguna gefe ina wasa wuƙa a dutse.

Taubashina ya ce, "Ɗan mace, me za ka yi da wuƙa?"

"Bunsuruna ne. Ba zan bari ya mutu mushe ba."

Aka yi dariya, wasu suka ce a'uzu billahi, rashin imani. Ɗana ya dubi wuƙar, ya dube ni. Sannan ya ja baya ya saita ya harba.

Ban jira hayaƙi ya washe ba na ruga. Na same shi yana shure-shure, na juya shi gabas na yanka. Jini ya wanke layar.

Kafin in miƙe an fara. Wani ya ce ai dabba ba ta da alwala. Wani ya ce baduku ne ya ɗinka a juye. Mai awon hatsi ya ce wasa wuƙar da na yi ne ya karya abin, baƙar zuciya tana kashe laƙani. Taubashina ya juya ya nufi gari. Ɗana ya zo ya tsuguna, ya sa yatsa a inda harsashi ya shiga, ɗan ƙasa kaɗan da layar. Ya auna wurin a jikinsa, daidai ƙirji. Sannan ya ɗauki wuƙar. Shi ya feɗe, shi ya kai naman wa Iya, aka dafa aka yi wa Kawu sadaka.

Har yau ana zuwa zauren, ba kamar da ba amma ana zuwa. Cikin abokansa shida, huɗu na nan da tasu a damtse, wannan kuma sai iyayensu. Ɗana bai daina fita ba. Makon jiya shugaban 'yan sa-kan ya kawo babur faci, ya zauna yana huci.

"Baba, ka ɓata mana yaro. Dā shi ke gaba. Yanzu ko salansar babur ta buga sai ka gan shi kwance cikin kunyar gona, sai ya leƙa ya leƙa kafin ya ɗaga kai. Har suna sun sa mashi, wai ƙadangare."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na yi masa facin kyauta, na ƙara masa iska a tayar gaba.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa can ta fi nan. Ka ci mani aikin masinja kana raye, ka ci mani bunsuru kana kabari. Duka biyun na yafe.